Garin Nema Daban, Garin Zama Daban: Yadda Magabatanmu Suka Zaɓi Inda Za Su Ajiye Iyali a Kudu



Akwai tambayar da ba ta ƙarewa a zaurukanmu na nan Kudu. Saurayi ya zo ci-rani, Allah ya buɗa masa, ya yi shekara uku ko huɗu yana kwana a shago ko a barandar masallaci, ya koma gida ya yi aure, sai ya dawo yana tambayar manya ina ya kamata ya ajiye iyali. Wani kuma ma'aikaci ne aka yi masa canjin wurin aiki daga Kaduna zuwa Legas ko Fatakwal, ga mata ga 'ya'ya, bai san kowa ba. Amsar da aka fi ba su ita ce ta kuɗin haya, a ce unguwa kaza ɗaki ya fi araha. Mu kuwa muna ganin tambayar ta fi haka nauyi, kuma ba a kanmu aka fara yin ta ba. Fiye da shekara ɗari ke nan Hausawa suna ɗauko iyali daga Arewa suna dasawa a ƙasar Yarbawa da ƙasar Ibo da bakin teku. Wasu wuraren sun riƙe su har jikoki da tattaɓa-kunne, wasu kuma sun watse. In muka bi sawunsu, za mu ga abin da suka duba kafin su sauke kaya.

Daga zango aka fara

Kafin jirgin ƙasa, babbar hanyar fatakenmu ita ce ta Gwanja, a arewacin ƙasar Ghana ta yau. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari kan tashi daga Kano da sauran garuruwa da jakuna, ɗauke da kanwa da tufafin rini da fatu, su yi watanni a hanya kafin su isa Salaga, su komo da goro. Ayari yana da madugu, yana da jagaba mai wucewa gaba ya duba hanya da masauki, yana da uban dawaki. Inda aka yada zango a kwana ɗaya ko biyu, ana duba ruwa da ciyawar dabbobi da kuma halin sarkin wurin wajen karɓar fito. Amma ba kowane zango ne ya zama gari ba. Wanda ya zama gari shi ne wanda wani falke ya ce shi ya tsaya, ya gina gida, ya zama mai masaukin na baya, malami ya zo ya kafa tsangaya, aka haƙa rijiya, aka keɓe wurin binne mamaci. Daga ranar da aka yi wannan, baƙo ya zama ɗan kaka-gida. Shi ya sa har yau unguwannin Hausawa a Ghana da Togo sunansu zango.

Salaga kanta ta bar mana darasi. Gari ne da ya cika ya batse da fatake da malamai, amma arzikinsa ya rataya sosai a kan goron da ke fitowa daga ƙasar Asante. Da Turawan Ingila suka ci Kumasi a 1874, dangantakar Salaga da Asante ta lalace, goro ya canja hanya, kasuwa ta fara ja da baya. A 1892 yaƙin basasa ya tashi tsakanin masu sarautar wurin, baƙi suka watse. Cikin waɗanda suka fita har da babban malamin nan Bakano, Alhaji Umaru, wanda ya ƙarasa rayuwarsa a Kete Karachi, ya rasu a 1934. Mutanen da suka yi shekaru suna gini sun bar gidajensu saboda rigimar da ba tasu ba. Tun daga nan magabatanmu suka san cewa cikar kasuwa ba ta isa shaida a kan cewa gari zai riƙe iyali ba.

Jirgin ƙasa ya juya akalar tafiya

Hausawa sun daɗe a Legas kafin Turawa su haɗe Najeriya. Gaskiyar tarihi ita ce da yawa daga cikin na farkon bauta ce ta kawo su, ba zaɓi ba. A 1863 wani jami'in Ingila mai suna Glover ya tara wasunsu ya kafa rundunar da aka riƙa kira Hausawan Glover, wadda daga cikinta sojan Najeriya da 'yan sanda suka samo tushe. Amma abin da ya buɗe ƙofar Kudu sosai shi ne dogo. Layin da ya tashi daga Legas ya isa Ibadan a 1901, jirgi ya shiga Kano a 1911, zuwa 1912 kuma ana iya tafiya daga Kano har Legas. A gabas, layin Fatakwal ya isa Enugu a 1916 saboda kwal, daga baya aka haɗa shi da Arewa ta Makurɗi da Kafanchan. Tafiyar da ake yi a watanni ta koma ta kwanaki.

A daidai wannan lokaci manoman ƙasar Yarbawa suka rungumi dashen goron Gwanja a wajejen Agege da Ota da Shagamu. Falke ba ya buƙatar zuwa Asante kuma, goro ya zo kusa da tashar jirgi. Shanu suna gangarowa, goro yana hawa. In muka duba tsofaffin unguwanninmu, zangon Agege da Sabon Shagamu da Sabon Abekuta da Sabon Ibadan, za mu ga kowace tana zaune ne a kan ɗaya daga cikin waɗannan biyun ko duka. A gabas ma haka, Ama Hausa ta Owerri da Bogobiri ta Kalaba da unguwannin Hausawa na Anacha da Enugu da Umuahia, fatauci ne ya kafa su.

Abin lura shi ne dukan sana'o'in nan biyu ba sa yiwuwa sai da amana. Saniya ba ta daɗewa a kurmi saboda ƙudan tsando, dole a sayar da ita da wuri, galibi bashi, ga mahaucin da mai ita bai sani ba. Goro kuma ɗan lele ne, in ba a iya ɗaure huhu da canja ganye ba, sai ya lalace kafin ya isa Kano. Don haka ake buƙatar mutumin da yake zaune daram a garin, wanda ya san mahauta ɗaya bayan ɗaya, ya san wanda ke biya da wanda ke taurin bashi, yana da ɗakin saukar baƙo da wurin ajiyar kuɗinsa. Wannan shi ne mai gida. Kuma ba a zama mai gida sai da iyali, domin matan gidan ne ke dafa abincin baƙi. Ashe ke nan ajiye iyali a Kudu tun asali wani ɓangare ne na kafuwar sana'ar kanta.

Abin da Sabon Ibadan ya nuna

Unguwar da aka fi sanin tarihinta dalla-dalla ita ce Sabo ta Ibadan. Da farko Hausawa a cikin gari suke zaune, a gidajen Yarbawa masu masaukinsu. A 1916 aka keɓe musu fili a bayan gari na wancan lokaci, aka ba su sarkinsu. Wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna a unguwar a 1962 zuwa 1963, ya rubuta littafi a kanta wanda ya fito a 1969. A lokacin mutanen Sabo sun ɗan haura 4,000.

Abin da ya gani ya yi daidai da abin da dattawanmu ke faɗa. Mutum ba ya zuwa da iyali a tashin farko. Yakan zo shi kaɗai, ya sauka a hannun wani mai gida, ya yi dako ko dillanci ko yaron shago, a ga halinsa, shi ma ya ga halin gari. Yakan yi shekaru yana kai da komo tsakanin Arewa da Kudu, wani lokaci ma ya gwada garuruwa biyu ko uku. Sai ya sami sana'a tsayayya da ɗaki a hannun wanda ya amince da shi, sannan ya yi aure ko ya ɗauko matarsa. Gani ya kori ji, magabatanmu ba su ɗauko mace da yara a kan labarin da aka ba su a tasha ba.

Sannan unguwar tana da abubuwan da ke riƙe gida in mai gida ya yi tafiya ko ya faɗi ciwo. Akwai sarki da ke sasanta rigima tun kafin ta kai ga hukuma. Akwai liman da malaman allo. Akwai unguwarzoma da wanzami. Akwai waɗanda za su yi wa mutum sutura in ta Allah ta kasance. A farkon shekarun 1950, da siyasar jam'iyyu ta kawo canji, gatan da Turawa suka ba sarakunan baƙi ya fara raguwa, mutanen Sabo suka ƙara ƙulle kansu ta hanyar ɗariƙar Tijjaniyya, har suka tsayar da masallacin Juma'arsu a cikin unguwa. Ko mutum ya yarda da wannan mataki ko bai yarda ba, manufarsu a fili take: sun fahimci cewa iyalin baƙo ba ya tsayuwa sai da jama'a a bayansa.

Ma'auninsu ke nan in muka taƙaita shi. Ba su fara da tambayar kuɗin ɗaki ba. Sun fara da tambayar wa zai karɓe ni, wa zai tsaya mini, ina yarona zai yi karatu, ina za a binne ni.

Ranar da aka gwada zama

Sai dai ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Garin da ya dace da iyali ana gane shi ne ranar da hankali ya tashi, kuma tarihinmu a Kudu yana da irin waɗannan ranaku da bai kamata mu ɓoye wa masu tasowa ba.

A Enugu, a shekarun 1950, Malam Umaru Altine, Bafulatani daga lardin Sakkwato mai fataucin shanu, ya zama magajin garin na farko a ƙarƙashin jam'iyyar NCNC, da ƙuri'un mutanen da akasarinsu Ibo ne. Wannan ya nuna iyakar inda zaman amana zai iya kaiwa. Amma ba a yi shekara goma da saukarsa ba aka shiga rikicin 1966, aka kashe dubban 'yan Ibo a garuruwan Arewa, 'yan Arewa da ke Gabas su ma aka taɓa su, suka baro gidajensu, sannan yaƙin basasa ya biyo baya daga 1967 zuwa 1970. Bayan yaƙi da yawa sun koma, suka sake gini daga tushe.

A watan Yulin 1999 rikici ya tashi a Shagamu lokacin bikin Oro, wanda al'adar garin ta hana mata fita da dare a cikinsa. An zargi wata mace daga unguwar Hausawa da karya dokar, aka kashe ta, faɗa ya kaure, rayuka da dama suka salwanta a garin da Hausawa da Yarbawa suka yi shekaru aru-aru suna cinikin goro tare. Da labari ya isa Kano, aka rama a kan Yarbawan da ba su ji ba ba su gani ba. A Nuwamban shekarar aka yi na kasuwar Mile 12 da Ketu. A Fabrairun 2000, bayan rikicin Kaduna, aka far wa 'yan Arewa a Aba. A Fabrairun 2002 aka yi na Idi-Araba a Legas. A Fabrairun 2006, bayan kashe-kashen Maiduguri, aka rama a Anacha. A Maris na 2017 aka yi na Sabon Ile-Ife. Wani da kowa ke tunawa shi ne na kasuwar Shasha a Ibadan, a Fabrairun 2021, wanda ya faro daga cacar baki tsakanin mutum biyu, ya ƙare da ƙona shaguna da gidaje, mata da yara suka yi kwanaki suna fake a gidan Sarkin Sasa.

Ba mun jero waɗannan don mu tayar da tsohon miki ko mu ɗora wa wata ƙabila laifi ba. Jini ya zuba ta kowane ɓangare, kuma a kowane rikici an sami maƙwabta 'yan gari da suka ɓoye baƙi a ɗakunansu, a nan Kudu da can Arewa. Abin da muke so mai shirin ɗauko iyali ya lura da shi guda uku ne. Na farko, rikicin yakan faro ne daga kasuwa ko tasha, inda samari marasa iyali suka fi yawa, don haka gidan da ke manne da kasuwa shi ne farkon wanda wuta ke ci. Na biyu, sau da yawa abin da ya faru a wani gari mai nisan kilomita ɗaruruwa ne ke faɗo wa mutum a ƙofar gida, don haka zaman lafiyar baƙon da ke Kano ko Kaduna zaman lafiyarmu ne a nan. Na uku, inda sarkin Hausawa da sarkin gari suka saba zama tare tun kafin a sami matsala, wutar takan mutu da wuri, mutane su koma gidajensu. Wannan tambaya ce da ya kamata a yi kafin a biya kuɗin haya: in an sami saɓani a garin nan, su wa ke zama su kashe shi, kuma yaya aka ƙare a karon baya?

Inda magabata suka gaza

Girmama na gaba ba ya hana mu faɗin inda lissafinsu bai kai ba. Unguwar da ta kare su ita ce kuma ta killace su. A Sabon Ibadan na wancan zamani, matan aure suna sana'ar abinci daga cikin gida, yara mata ke kai talla, yara maza suna makarantar allo sannan su bi sana'ar iyaye. A daidai lokacin gwamnatin Jihar Yamma ta Awolowo ta fara ilimin firamare kyauta a 1955, 'ya'yan maƙwabta suka cika azuzuwa, namu kaɗan ne suka shiga. Bayan shekara talatin, waɗancan yaran su ne lauyoyi da likitoci da ma'aikatan ofishin filaye, namu kuwa suna neman wanda zai karanta musu takarda. Ko ta fuskar karatun addini ma akwai damar da ke kusa, domin Markaz ta Shehu Adamu al-Iluri, wadda aka kafa a Abekuta a 1952 kafin ta koma Agege, ta nuna ana iya karatun Larabci a tsare cikin aji.

Na biyu shi ne takardar fili. An zauna a wurare da yawa a kan alkawarin baka tsakanin wani sarki da wani mai gida, duka biyun sun daɗe da rasuwa. Dokar filaye ta 1978 ta mayar da ikon ƙasa hannun gwamnan jiha, abin da ke magana yanzu shi ne takarda. Tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Najeriya 'yancin zama inda ya ga dama a sashe na 41, ya hana nuna masa bambanci saboda ƙabila ko addini a sashe na 42, ya ba shi damar mallakar gida ko fili ko'ina a sashe na 43. Amma wanda ba shi da shaida a hannu, ranar da aka zo faɗaɗa titi ko tayar da kasuwa, ba shi da bakin magana.

Na uku shi ne batun asali. Yaron da aka haifa a Agege ko Shagamu, ubansa ma nan aka haife shi, yakan je neman takardar shaidar ƙaramar hukuma don shiga makaranta ko aikin gwamnati a ce masa ba ɗan nan ba ne. In ya tafi garin kakansa a ce ba a san shi ba. Iyalan da suka tsira daga wannan su ne waɗanda ba su yanke zumunci da gida ba, suna kai yara hutu, mai unguwa da dagaci sun san fuskokinsu.

Abin da ya rage gare mu

Zamani ya canja. Yau ba goro da shanu kaɗai ke kawo mu ba. Akwai 'yan gwari masu tumatur da albasa, da 'yan canji, da direbobin tirela, da masu gadi, da 'yan acaɓa, da ma'aikatan gwamnati da na kamfani. Amma darasin Salaga bai tsufa ba. Lokacin da gwamnatin Legas ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida a watan Yunin 2022, wanda ya ɗauko iyali ya dogara da babur kaɗai ya kwana da sana'a ya tashi babu. Kafin a ɗauko mace da yara, a tambayi kai: in wannan ƙofa ta rufe, akwai wata a garin?

Shawararmu ga ɗan uwa mai wannan niyya ita ce ta magabata, da ƙarin abin da suka bari. Ka riga iyalinka zuwa, ka ga damina a unguwar, domin gidan da ya yi kyau da rani a Legas ko Fatakwal yana iya zama tafki a watan Yuli. Ka je ka gai da sarkin Hausawa da liman, ka kuma gai da mai unguwar 'yan gari, su san fuskarka tun ba ka da buƙata. Ka tambayi ranakun al'adun garin da dokokinsu, ka sanar da iyalinka, domin wanda ya shiga gari ya ga kowa da jela, shi ma sai ya nemi tasa. Ka taka da ƙafarka ka ga makarantar boko da Islamiyya da asibitin haihuwa mafi kusa, ka lissafa tafiyar da dare. In da hali, ka raba wurin kwana da wurin kasuwa. Kuɗin haya da na fili kada su wuce ba rasit da shaidu. Ka bar yaranka su iya Yarbanci ko Ibo ko harshen duk inda kuke, Hausa kuma ta zauna daram a cikin gida. Sannan kafin ka yanke shawara, ka zauna da maiɗakinka, domin kai za ka fita tun asuba, ita za ta wuni da unguwar, ita ta san abin da rashin ruwa da rashin maƙwabciyar kirki ke nufi.

Akwai wata alama da ba ta ƙarya. In ka shiga unguwa ka ga tsofaffin da aka haifa a nan suna zaune a ƙofar masallaci, ka ga yara sanye da kayan makaranta suna gaisawa da 'yan gari cikin harshensu, aka kuma nuna maka maƙabartar da kakanninsu ke kwance, to wurin ya riga ya riƙe iyalin wasu, ana sa ran zai riƙe naka. In kuwa duk wanda ka gani saurayi ne da jakarsa a rataye, to garin nema ne, ka nema ka aika gida har Allah ya kawo lokaci.

Muna roƙon dattawanmu da ke wannan zaure, musamman waɗanda aka haifa a Sabo ko zango, su ba mu tarihin unguwanninsu yadda suka ji daga iyaye, domin yawancinsa ba a rubuce yake ba, kuma masu riƙe da shi suna ta tafiya. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, ya albarkaci zuriyarmu a duk inda suke. Amin.